Ɓoye alƙaluman annoba: darasin cutar SARS a ƙasar Sin

A watan Nuwamban 2002 ne cutar SARS ta ɓulla a lardin Guangdong na ƙasar Sin, amma sai a Fabrairun 2003 aka sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya. Kafin a ankara cutar ta tsallaka har Kanada, ta kuma hallaka kusan mutane 800 a duniya.

A watan Afrilun 2003 gwamnati ta amince cewa masu cutar a Beijing 339 ne, ba 37 ba, ta sallami ministan lafiya.

Dokokin lafiya na duniya na 2005 sun wajabta kai rahoto cikin sa'o'i 24. Sai dai muddin jami'in lardi na tsoron rasa kujerarsa idan ya faɗi gaskiya, doka kaɗai ba za ta wadatar ba.