A Bar Mai Tsohuwar Sanda Ya Gwada Riƙonsa

Maganarmu ta wannan mako ta shafi filin golf na Kano, wanda yake maƙwabtaka da Nassarawa GRA, kusa da Kano Club. Yawancinmu ta gefensa kawai muke wucewa a adaidaita sahu, mu hango bishiyoyi da mutane sanye da hular hana-sallah, mu ce ai wannan wasan manya ne. Amma ba manyan kaɗai ke ciki ba. Akwai yaran da ke ɗaukar musu jakar sanduna, waɗanda ake kira kadi, akwai kuma matasa irinmu da ƙananan ma'aikata da suke sha'awar wasan alhali aljihunsu bai kai ba. Su muke yi wa wannan rubutu.

Ra'ayinmu shi ne, duk mai koyo da ya shigo fili da tsohuwar sandar tura ƙwallo wadda ya gada ko ya saya a gwanjo, ya kuma riƙe ta da wani irin riƙo da ido bai saba gani ba, to a ƙyale shi ya gwada. Dokar wasan tana tare da shi, tarihin wasan ma haka. Dariyar da ake yi wa irinsa tana iya korar mutumin da wataƙila da ya zama gwani.

Bari mu fara da bayani saboda waɗanda ba su san wasan ba. Cikakken fili yana da ramuka 18, kuma wanda ya zagaye su da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Doka ta yarda ɗan wasa ya ɗauki sanduna har 14. Sauran sandunan aikinsu su ɗaga ƙwallo sama ta yi nisa. Guda ɗaya ce aikinta daban, wato wadda 'yan wasa ke kira fota. Da ita ake tura ƙwallo a ƙasa idan an iso farfajiyar rami. Faɗin ramin milimita 108 ne kacal. A lissafin da aka gina wasan a kai, an ware bugu biyu na fota ga kowane rami. Ke nan a filin da ake sa ran gwani ya gama da bugu 72, guda 36 na fota ne. Rabin lissafi yana kan sanda ɗaya, kuma ita ce sandar da ba ta buƙatar ƙarfin damtse ko tsawon jiki. Yaro siriri zai iya kayar da ƙato a nan.

To me ya sa mutum zai sauya riƙo? Dalilin yana cikin lissafi mai sauƙi, irin wanda aka koya mana a aji. Inda fuskar fota ta kalla a lokacin da ta taɓa ƙwallo, can ƙwallon za ta nufa. Idan fuskar ta karkace da digiri ɗaya tak, a nisan mita 3 ƙwallon za ta kauce da kusan santimita 5, alhali daga tsakiyar rami zuwa bakinsa santimita 5.4 ne. Abin da ya fi karkatar da fuskar kuwa shi ne wuyan hannun dama, ga mai amfani da dama, musamman idan gaba na faɗuwa. Akwai ma wata larura da 'yan golf suka sani, inda hannu yake zabura da kansa a kan ɗan gajeren bugu, mutum ya kasa jefa ƙwallon da ba ta fi taku ɗaya da rami ba.

Duk wani baƙon riƙo ƙoƙari ne na rage wa wannan hannu iko. A riƙon da aka saba, hagu ke sama, dama a ƙasa. Wasu sai su juya, hagu ya koma ƙasa, don kafaɗu su daidaita, wuyan hannu ya daina lanƙwashewa. Wasu kuma su bar hagu a sama yadda yake, su saki tafin dama, su dafa ƙotar da yatsu kawai kamar ƙaguwa ta kama abu, ko kamar yadda muke riƙe alƙalami. Wasu su jingina ƙotar a jikin sangalin hannun hagu, hannu da sanda su zama abu guda.

Masu dariya su duba su waye suka yi wannan kafin ɗan koyon Kano. Bernhard Langer, Bajamushe, ya yi fama da zaburar hannu ba sau ɗaya ba. Ya ci gasar Masters a Amurka a 1985, larurar ta dawo masa, sai ya koma danne ƙotar fota a sangalin hannunsa na hagu da hannun dama. Da wannan riƙo ya sake cin Masters a 1993. Chris DiMarco, wanda ya sa riƙon ƙaguwa ya yi suna, ya kai Tiger Woods har bugun raba gardama a Masters ta 2005. Jordan Spieth da hagu a ƙasa ya ci Masters da US Open a 2015, yana ɗan shekara 21. Sam Snead kuwa, da hannu ya fara ba shi matsala, sai ya riƙa tsayawa ƙwallo na tsakanin ƙafafunsa yana fuskantar rami. Aka haramta wannan a 1968. Bai koma riƙon da ba. Ya haɗe ƙafafunsa a gefen ƙwallo yana kallon rami, kuma da haka ya shiga sahun na uku a gasar PGA ta 1974 yana da shekara 62. Da waɗannan mutane sun ji kunyar idon jama'a, da tuni sun ajiye wasan.

Mu dawo kan tsohuwar sandar. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma a kan fota maganar ta zauna daram. Sauran sanduna sun sauya ƙwarai da zamani, sabuwar sandar dogon bugu ta fi ta shekara 40 baya nesa ba kusa ba. Fota kuwa ba ta yi irin wannan tsalle ba. Wani injiniya haifaffen Norway mai suna Karsten Solheim ya fara ƙera fota a garejin gidansa a 1959. A 1966 ya fito da samfurin da ya kira Ping Anser, inda ya rarake bayan kan sandar ya tura nauyin zuwa gefe biyu, don ko ƙwallo ba ta sami tsakiyar fuska ba kan kada ya murɗe sosai. George Archer ya ci Masters da ita a 1969. Har yau da yawa daga fotocin da ake sayarwa da tsada wannan fasalin suke kwaikwaya. Tiger Woods ya fara amfani da wata fota ƙirar Scotty Cameron a 1999, da ita ya ci 14 daga cikin manyan gasanninsa 15, har da Masters ta 2019, lokacin da sandar ta cika shekara 20 a hannunsa. Mutumin da kamfanoni ke roƙo ya karɓi sabon kaya kyauta ya riƙe tsohuwarsa. To don me za a raina wanda ba shi da zaɓi?

Maganar zaɓi ita ce maganar kuɗi. Sabuwar fota mai suna takan kai dala 400, wasu su wuce. A canjin naira 1,500 kan dala ɗaya, naira 600,000 ke nan. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Sanda ɗaya ta cinye albashin fiye da wata takwas, saura 13 ba a taɓa su ba. Idan muka bari ya zama al'ada cewa sai mai sabon kaya ne ɗan wasa, to mun rufe ƙofa ga yaron da ya shekara biyar yana ɗaukar jaka, ya san kowane gangare na filin fiye da mai jakar. Mu da muka saba zuwa Ƙofar Wambai mu zaɓo takalmi mai kyau a gwanjo, bai kamata a ce a filin golf ne za mu fara jin kunyar kayan hannu ba.

Akwai wani dalili kuma da ya shafi ƙasarmu. Filayen golf na Najeriya da dama, har da na Kano, sun daɗe da saninsu da farfajiyar yashi da ake cakuɗawa da mai, saboda wahalar raya lallausar ciyawa a rani. Kafin a tura ƙwallo sai an share mata hanya an lallashe yashin. Kada a ɗauka wannan wasan yara ne. A gasar Nigerian Open ta 1981 a Ikoyi, Legas, wani Bature ɗan Ingila, Peter Tupling, ya gama ramuka 72 da bugu 255 a kan irin wannan yashi, abin da ya zama tarihi a duniya a lokacin. Vijay Singh, wanda daga baya ya zama na ɗaya a duniya, ya ci wannan gasa a 1988 da 1989. Ko yashi ne ko ciyawar da ta sha hunturu da ƙura, ƙwallo ba ta gudu a wurinmu kamar yadda muke gani a talabijin. A 1977 hukumar golf ta Amurka ta auna saurin farfajiyoyin ƙasarta da ma'aunin da ake gangaro ƙwallo daga kansa, ta samu matsakaicin gudun ƙafa 6 da rabi ne. Yau a manyan gasanni akan kai ƙafa 12 ko fiye. Tsofaffin fotoci an ƙera su ne a zamanin farfajiya mai nauyi, inda ake buƙatar ɗan bugu mai kauri. Saboda haka ba abin mamaki ba ne tsohuwar sanda ta fi dacewa da ƙasarmu fiye da wadda aka ƙera don ciyawa mai santsi kamar tangaran.

Sai dai adalci ya sa mu faɗi inda masu suka suke da gaskiya, kuma wurare uku ne.

Na farko, baƙon riƙo da farfajiya mai nauyi ba kullum suke jituwa ba. Riƙon ƙaguwa yana cire ƙarfin hannun dama, wanda hakan alheri ne a taku ɗaya ko biyu. Amma idan rami yana nisan mita 12 a kan ƙasa mai jan ƙwallo, mai wannan riƙo zai iya samun kansa kullum yana tsayawa a hanya. Ba laifi ba ne mutum ya yi riƙo biyu, ɗaya na kusa ɗaya na nesa. Doka ba ta hana ba.

Na biyu, akwai iyaka. Tsakanin 2011 da 2013 mutum huɗu, Keegan Bradley da Webb Simpson da Ernie Els da Adam Scott, sun ci manyan gasanni da doguwar fota da ake tokarewa a ciki ko ƙirji. Hukumomi biyu da ke tsara dokar wasan, ta Sikotlan da ta Amurka, suka haramta tokare sanda a jiki daga ranar 1 ga Janairu, 2016. Jingina ƙota a sangalin hannu har yanzu halal ne a wasan, tokare ta a ciki ko ƙirji ko haɓa kuwa laifi ne. Haka nan tsayawa a kan layin ƙwallo ko raba ƙafa a kansa a farfajiya. Wanda zai gwada sabon abu ya san wannan tukuna, kada ya ba masu dariya hujja.

Na uku, akwai masu sauya riƙo duk mako, su ɗora wa sanda laifin rashin atisaye. Wannan ba gwaji ba ne, gudun aiki ne. Gwaji na gaskiya yana da littafi da biro. Mutum ya ɗauki ƙwallo 10, ya tura daga mita 1, sannan mita 2, sannan mita 10, ya rubuta nawa suka shiga, nawa suka tsaya kusa. Ya yi da tsohon riƙo, ya yi da sabo, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya na yini. Ya maimaita tsawon wata guda kafin ya yanke hukunci, domin kowane sabon riƙo yakan yi daɗi a ranar farko saboda ɗoki. Kuma kada ya fara shi ranar gasa, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Idan robar ƙotar tsohuwar sandar ta bushe ta yi santsi, ya sauya ta, wannan kuɗinsa kaɗan ne.

Idan ɗan koyo ya cika waɗannan, babu abin da ya rage sai ra'ayin masu kallo, shi kuwa ba a rubuta shi a takardar maki. Takardar tana da gurbin lamba ɗaya ga kowane rami. Babu gurbin shekarar da aka ƙera sanda, babu na yadda yatsu suka zauna. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Muna kira ga manyan da suka daɗe a filin, waɗanda da yawansu suna da tsofaffin fotoci jingine a bayan ƙofa ko a but ɗin mota, su miƙa wa yaran da ke ɗaukar musu jaka, su kuma ba su damar taɓa farfajiyar atisaye a lokacin da ba kowa. Sandar da ta yi shekara 30 tana cin tsatsa ba ta amfanar kowa. Mu kuma matasa, idan mun sami damar shiga, mu riƙe sandar yadda hannunmu ya natsu, mu bar lissafi ya yi mana alƙalanci.

Wanda ya taɓa buga wasan a Kano ko Kaduna ko Jos, ko ya taɓa ɗaukar jaka, muna son jin wane riƙo ya karɓe shi, da kuma irin ƙasar da ya gwada shi a kai. Allah Ya sa mu dace, Ya kai mu mako mai zuwa lafiya.