Ra'ayinmu: Sheƙin Mota a Telebijin, Wa Ke Biyan Kuɗinsa?

Tun da kwanon tauraron ɗan'adam ya hau rufin gidaje a Katsina, sa'an nan wayar hannu ta biyo baya, wani irin shiri ya sami karɓuwa wurin ɗalibai da ƙananan ma'aikata, watau shirin wanke mota da goge ta da ƙawata ta. Tsarinsa kusan ɗaya ne kullum. A jawo wata akwalar mota wadda ƙura ta binne, a lulluɓe ta da kumfa, a bi ta da injin guga, kafin rabin sa'a ta cika sai ga ta tana ƙyalli kamar yau ta fito daga kamfani. Ba mu ƙi kallon ba, yana da daɗi. Abin da ya dame mu shi ne kallon ya fara taɓa aljihu. Ma'aikacin da bai gama biyan bashin motarsa 'yar Kwatano ba, sai ka ji yana cigiyar wani man sheƙi da ya gani a akwati, yana raina yaron da ke wanke masa ita a Kambarawa da bokiti da soso.

Ya kamata mai karatu ya san cewa shirin telebijin abu ne mai cin kuɗi, kuma wani ne ke biya. A Amurka, inda irin waɗannan shirye-shirye suka fi yawa, ba a ma ɓoye ba. Shirin Car Crazy, wanda ya yi shekaru ana nunawa a tashar Speed, mai gabatar da shi Barry Meguiar ne, shugaban kamfanin Meguiar's mai yin man goge mota, kamfanin da kakansa ya kafa a 1901. To, mutumin da abincinsa ke cikin kwalbar man sheƙi, yaushe zai tsaya gaban kyamara ya ce ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi sun wadatar? Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Wanda ya fi shahara a wajenmu shi ne Pimp My Ride, na tashar MTV, wanda mawaƙi Xzibit ya gabatar daga 2004 zuwa 2007. Yayyenmu da dama sun kalle shi. A 2015 jaridar Huffington Post ta tattauna da wasu daga cikin waɗanda aka gyara wa motoci a shirin, suka faɗi abubuwan da kyamara ba ta nuna ba. Aikin da mai kallo ke zaton na 'yan kwanaki ne, ashe motar kan yi watanni a gareji. Wasu na'urorin da aka maƙala don burgewa, ana gama ɗaukar hoto aka cire su. Akwai motar da masu shirin suka ƙara wa tarkace da gangan, domin a ga muninta sosai kafin gyara. Mafi muni, an sha ƙawata jiki a bar inji da ciwonsa. Dalili a fili yake: fenti da fitilu suna ɗaukar ido, amma canza bel ko gyaran birki ba ya hana mai kallo juya tasha.

Kada a ce muna ƙin ɗaukar nauyin shiri gaba ɗaya. Ƙasar nan ta ga amfaninsa. A farkon shekarun 1980 bankin UBA ya ɗauki nauyin wasan kwaikwayon Cock Crow at Dawn, wanda NTA ta shirya a yankin Jos don jawo hankalin jama'a ga noma, kuma har yau ana tuna shi da alheri. Amma fa bankin ba ya sayar da garma ko taki. Sunansa ya fito, labari ya tafi hanyarsa. Inda gizo ke saƙa shi ne sa'ad da hajar mai biyan kuɗi ita ce kan maganar shirin. A nan talla da koyarwa sukan cakuɗe, har mai kallo ya kasa rabe inda malami ya tsaya da inda ɗan kasuwa ya soma.

Ga abin da irin wannan shiri ba zai so ya daɗe a kansa ba. Fentin motar zamani yana da wani shafi garai-garai a samansa, wanda bai kai kaurin takardar littafi ba. Injin guga yana kawo sheƙi ne ta hanyar kankare kaɗan daga wannan shafi. Kowace guga tana rage shi, in ya ƙare kuwa sai sabon fenti. Fitilun ɗakin ɗaukar hoto da jiƙaƙƙen jiki suna ƙara ƙyallin da ba za ka gani ba bayan kwana uku a titin Ƙofar Ƙaura. Sa'an nan ga ƙurar hunturu, wadda mai shirya shiri a Kalifoniya bai san zafinta ba. Ƙurar nan yashi ce mai laushi. Wanda ya goge ta a bushe da tsumma, fentinsa yake karcewa da hannunsa. Garin sabulun wanki da aka saba zubawa a bokiti kuwa yana wanke man sheƙin da aka saya da tsada, ya bar jiki a tsirara.

Sai maganar ruwa, wadda ita ce babba. A akwati ana kwarara shi kamar kogi. A Katsina, inda birni ya daɗe yana dogara da madatsar Ajiwa, gidaje da yawa jarka-jarka suke saye wurin 'yan ga-ruwa. Yaron Kambarawa da zai fitar da mota tas da bokiti biyu ya san wani ilmi da ba shi cikin waɗancan shirye-shirye, kuma ba wanda ya taɓa ɗaukar nauyin nuna shi, domin ba kwalbar da za a sayar a ƙarshensa.

Saboda haka muna kira ga gidajen telebijin na jihar nan, da 'yan'uwanmu masu karatun aikin jarida a manyan makarantu, waɗanda gobe su ne za su riƙe kyamara. In za ku yi shirin mota, ku yi shi don motar da muke hawa da hanyar da muke bi. Ku karɓi kuɗin kamfani, ba laifi, amma a faɗi sunansa da Hausa a farkon shiri da ƙarshensa, ba a ƙananan haruffan Turanci masu wucewa kamar walƙiya ba. A faɗi kwana nawa aikin ya ci, da nawa aka kashe. A bar bakanike ya buɗe inji, ya duba taya da birki, ko da mai talla ya ɓata fuska. A koma wa motar bayan wata guda a nuna yadda ta zama. Hukumar NBC, wadda aka kafa a 1992 don sa ido kan gidajen rediyo da telebijin, ita ma tana da aiki a nan: ta tabbata an raba talla da shiri rabuwar da ɗan aji uku na firamare zai gane.

Ku kuma ƙananan ma'aikata, kafin albashin wata ya tafi wurin man sheƙi, a duba ranar da aka yi juyen baƙin mai na ƙarshe.