Kada Mu Raba Iyayenmu Da Takardunsu



Kawuna ya yi shekara 35 yana aikin gwamnatin tarayya, kuma rabin shekarun nan a sashen ajiyar fayil ya yi su. Bayan ya yi ritaya, matarsa ta rasu, sai 'yarsa da ke aikin jinya a Ingila ta ɗauke shi ya koma wurinta. Tun ranar da ya sauka ta karɓi fasfonsa da katin bankinsa da takardun fanshonsa ta adana, ta ce, "Baba, kai dai ka huta."

Bara suka shirya tafiya Umara. An biya kuɗin jirgi da na masauki, sai da aka zo neman biza aka ga saura wata huɗu fasfonsa ya ƙare, alhali Saudiyya na son ya zama da sauran wata shida. Aka ce a sabunta. Sabunta fasfon Nijeriya yanzu sai da lambar NIN, kuma dole bayanan su zo ɗaya. A fasfo Mohammed, a NIN Muhammad, ranar haihuwa ma kowacce da tata. Aka juya ga asusun fanshonsa domin a ciro kuɗin ɗage tafiya, banki ya tura lambar sirri zuwa layin wayarsa na gida, wanda ya mutu tun tuni saboda rashin amfani. Tikiti ya ƙone. Da muka yi waya abin da ya ce da ni shi ne, "Ɗana, ni da na tsufa ina gyara fayil ɗin mutane, yau ban san inda nawa yake ba."

Ra'ayina shi ne, wannan "kai dai ka huta" da muke wa iyayenmu, duk da cewa ƙauna ce ke sa mu faɗa, cutarwa ce. A gida, dattijo yana da unguwa da masallaci da tsofaffin abokan aiki da za su shaide shi. A ƙasar wasu ba wanda ya san asalinsa, takarda ce kawai ke magana a madadinsa. Wanda ya raba shi da ita ya mayar da shi ɗan rakiya a rayuwarsa.

Ku duba yadda abubuwa suka sauya cikin 'yan shekaru. BVN ta zo a 2014. A ƙarshen 2020 aka wajabta haɗa layin waya da NIN. Hukumar PTAD, mai biyan 'yan fanshon tarayya na tsohon tsari, ta fito da hanyar da ɗan fansho zai riƙa tabbatar da cewa yana raye ta intanet, da fuskarsa ko zanen yatsansa. A Ingila, katin izinin zama da baƙi ke riƙewa ya ƙare a ƙarshen 2024, aka koma izinin da ke cikin intanet. Ko mai izinin zama na dindindin, idan ya yi fiye da shekara biyu a waje, izinin na iya faɗuwa. Duk waɗannan a sarƙe suke kamar zaren tabarma: layi ya riƙe banki, banki ya riƙe fansho, NIN ta riƙe fasfo, fasfo ya riƙe izinin zama. Ɗaya ya tsinke, sauran su biyo baya.

Ba a Turai kaɗai ba. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023, ofisoshin jakadanci sun rufe cikin gaggawa, mutane da yawa fasfonsu ya maƙale a ciki. 'Yan Nijeriyar da aka kwaso a motoci sun kwana da kwanaki a kan iyakar Masar. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an rufe iyaka har zuwa Maris na 2024, dattijon da ya saba tsallakawa daga Maraɗi zuwa Katsina kamar zuwa kasuwa ya ga hanya ta toshe. A irin wannan rana ba lallai ɗa yana kusa ba. Yana iya zama a wurin aiki, ko a wani gari, ko wayarsa ba ta shiga.

Na san abin da wasu za su ce: ido ya yi rauni, mantuwa ta zo, waɗannan na'urori kuma ba na zamaninsu ba ne, ga 'yan damfara da ke farautar tsofaffi. Gaskiya ne, kuma idan ciwon mantuwa ya kama mutum sosai, dole wani ya riƙe masa. Amma yawancin iyayenmu ba su kai nan ba. Mutumin da ke tuna ranar da aka ɗauke shi aiki da lambar fayil ɗinsa ba zai gaza riƙe ranar ƙarewar fasfo ba. Taimako daban, ƙwacewa daban. Sau da yawa gaggawarmu ce ke sa mu karɓe, domin yi masa ya fi koya masa sauri.

Abin da nake ba da shawara ba mai wuya ba ne. A zauna tare da shi, a shimfiɗa takardun duka, a duba suna da ranar haihuwa harafi bayan harafi, a gyara saɓani tun babu tafiya a gaba. A rubuta ranakun ƙarewa da manyan baƙaƙe a manna inda zai riƙa gani, a fara neman sabon fasfo tun saura wata tara. In da hali a karɓi mai shekara goma. A raya layin gida, kada a bar shi ya mutu. A ɗauki hoton kowace takarda, kwafi a jakarsa, kwafi wurin amintacce a gida. Ya san cewa idan fasfo ya ɓata, ana fara kai rahoto wurin 'yan sanda, sannan ofishin jakadanci na iya ba shi takardar gaggawa ta komawa gida. Magungunansa su kasance a jakar hannu tare da takardar likita, domin akwai maganin da ake sha a wata ƙasa, a wata kuma ya kai mutum ga tuhuma.

Hukumomi ma da nasu nauyin. Bai dace a sa mai shekara 75 ya yi tafiyar awanni zuwa ofishin jakadanci saboda harafi ɗaya ba. Amma kafin gyaran nan ya zo, rigakafi na hannunmu.

Kawu ya samu sabon fasfo bayan wata biyar. Yanzu takardunsa na cikin wata jaka a ƙarƙashin gadonsa, shi ke tuna wa 'yarsa ranakun nata. Allah Ya ba mu ikon kula da iyayenmu ba tare da mun rage musu daraja ba.