Haddin Gudun Tsofaffin Jiragen Sama da Haƙƙin Mutanen Birni

Tun ranar 1 ga Nuwamba 1925, da jiragen sojan Ingila guda uku suka taso daga Masar suka sauka a Kano, mutanen da ke zaune cikin ganuwa, daga gindin Dala har zuwa Kurmi, suka zama maƙwabtan jirgin sama, ko sun so ko ba su so ba. Kuma da yake filin jirgin Malam Aminu Kano ba shi da wata tazara mai yawa daga badala, duk abin da ya shafi lafiyar jirgin da ke ratsawa bisa rufin gidajenmu ya shafi wanda bai taɓa sayen tikiti ba kamar yadda ya shafi alhajin da ke zaune a ciki. Wannan shi ne uzurina na shiga wata mas'ala wadda a zahiri ta matuƙa ce da injiniyoyi, wato haddin gudun da aka ƙayyade wa tsofaffin jirage masu injin jet, irin waɗanda suka shekara da shekaru suna jigilar mahajjatanmu.

Kowane jirgin fasinja, kafin hukuma ta halatta masa ɗaukar mutane, sai masu ƙera shi sun jarraba shi sun rubuta masa iyakar gudun da ba a yarda matuƙi ya ƙetare da gangan ba, ko a hawa, ko a tafiya, ko a gangarowa. Iyakar nan iri biyu ce. A ƙasa ƙasa, inda iska take da kauri, abin tsoro shi ne ƙarfin da take dukan jikin jirgi da shi, wanda in ya yi yawa yana iya lanƙwasa fiffike ko ya yage wani sashe. A can sama kuwa, inda iska ta yi shara shara kuma sanyi ya tsananta, abin tsoro shi ne kusantar gudun sauti, wanda yake kusan kilomita 1,225 a sa'a a bakin teku, amma ya ragu zuwa kimanin 1,060 a tsayin ƙafa 35,000. Ana auna wannan da ma'aunin Mak, sunan wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, inda ɗaya cif take nufin gudun sauti. A gaban matuƙin tsohon jirgi akwai wata allura mai ratsin ja da fari a cikin agogon gudu, wadda take motsawa gwargwadon tsayin da jirgi ya kai, kuma da zarar allurar gudu ta haye ta sai wata ƙararrawa ta kama ƙwanƙwasa, ba ta yin shiru sai an rage.

Hikimar wannan haddi kuwa ita ce, iskar da ke bi ta saman fiffike ta fi jirgin kansa sauri, saboda haka tana iya kai wa gudun sauti alhali jirgin bai kai ba. Idan haka ta faru sai jikin jirgi ya ɗauki kyarma, wurin da ƙarfin ɗagawa yake ya ja baya, hancin jirgi ya sunkuya, sunkuyawar ta ƙara gudu, gudun kuma ya ƙara sunkuyawa. A ranar 3 ga Fabrairu 1959 wani Boeing 707 na kamfanin Pan Am, yana bisa tekun Atlantika a kan hanyarsa ta zuwa Amurka, ya sulmiyo daga ƙafa 35,000 zuwa kusan 6,000 bayan na'urar tuƙi ta saki ba a ankara ba, da ƙyar kyaftin ya daidaita shi. Abin da ya cece su, bayan ikon Allah, shi ne ratar da maƙera suke bari tsakanin haddin da aka rubuta da wurin da jirgi yake wargajewa, kuma jirgin nan sabo ne fil a lokacin.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, jiragen da ake kira tsofaffi sun fi galibin na yau da muke hawa zuwa Ikko ko Abuja sakin linzami. Haddin Boeing 727 ya kai 0.90 na gudun sauti, na Boeing 747, wanda Kabo Air da Max Air suka yi aikin hajji da shi daga nan Kano, 0.92 ne, alhali Boeing 737 na baya-bayan nan da Airbus A320 an tsayar da su a 0.82. An ƙera na farkon a lokacin da mai yake da araha kuma kamfanoni suke gasar wanda zai riga isa, shi ya sa aka karkata fukafukansu baya sosai. Da farashin mai ya yi tashin gwauron zabo a 1973 sai hankali ya koma ga tattali, aka rage gudu ba tare da fasinja sun ji a jikinsu ba. Lissafin ma a fili yake: tsakanin Kano da Jidda kimanin kilomita 3,400 ne, kuma bambancin tafiya a 0.84 da tafiya a 0.80 bai kai rubu'in sa'a ba, ga al'ummar da kakanninta suka yi shekaru a hanyar Makka da ƙafa ta Cadi da Sudan.

To, abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, haddin nan hukunci ne mai sharaɗi. An yanke shi ne a kan jirgi lafiyayye, wanda ƙarfensa bai gaji ba, na'urorinsa suna faɗin gaskiya, kuma kowane sashe nasa yana nan kamar ranar da aka jarraba shi. Idan sharaɗi ya faɗi, hukuncin da aka gina a kansa ya faɗi, ko da lambar tana nan rubuce cikin littafin jirgi. Su kansu maƙeran sun yarda da haka, domin a wasu jiragen, idan na'urar da ke hana hanci sunkuyawa ta lalace, littafi yana wajabta wa matuƙi ya sauko da haddinsa ƙasa da na asali. Gajiyar ƙarfe kuwa ba ta da ƙararrawa. A ranar 14 ga Mayu 1977 wani Boeing 707 na ɗaukar kaya, mallakar Dan-Air ta Ingila, yana gab da sauka a Lusaka ta ƙasar Zambiya, ba gudu yake ba, ba hadari ake ba, sai rabin fiffiken wutsiyarsa ya ɓalle saboda tsagar da ta daɗe tana ci a ɓoye, mutum shida da ke ciki suka halaka, kuma da aka bincika 'yan'uwansa a sauran ƙasashe aka sami irin wannan tsaga a jikin da yawa daga cikinsu.

Adalci ya wajabta in faɗa cewa manyan musibun da suka auka wa Kano ba ƙetare haddin sama ne ya jawo su ba. Boeing 707 da ya kama da wuta wajen sauka a ranar 22 ga Janairu 1973, ɗauke da alhazai daga Jidda, inda mutum 176 suka riga mu gidan gaskiya, ƙafarsa ce ta karye a kan titi. Shi kuwa BAC One-Eleven na kamfanin EAS da ya faɗa unguwar Gwammaja ranar Asabar 4 ga Mayu 2002, ya kashe mutane fiye da ɗari, cikinsu har da waɗanda ke zaune cikin ɗakunansu, ɗaya haddin ne ya kasa cikawa, wato mafi ƙarancin gudun da jirgi yake buƙata kafin ya ɗaga, a cikin zafin bazara da ke rage wa inji ƙarfi. Ya cinye titi ya zarce cikin ƙura kafin ya tashi, bai kuwa yi nisa ba. Amma asalin mas'alar ɗaya ne, domin jirgi yana rayuwa ne tsakanin iyakoki biyu, ta sama da ta ƙasa, kuma tsufa da sakaci da nauyin kaya suna ƙuntata filin da ke tsakaninsu.

Bayan waƙi'ar Gwammaja gwamnatin tarayya ta dakatar da wannan samfurin jirgi, ta kuma kafa dokar hana shigo da jirgin fasinja da ya haura shekara 22. Ban ga laifin dokar ba a matsayinta na maganin gaggawa, sai dai a ganina ta ɗauki alama ta bar illa, domin shekarun haihuwa ba su ne mizanin gajiyar jirgi ba; mizanin shi ne sau nawa ya tashi ya sauka, wane ne ya duba shi, da me ya duba, kuma ko abin da aka rubuta cikin kundin gyara shi ne abin da aka aikata. Jirgi ɗan shekara 15 da aka ci amanarsa ya fi ɗan shekara 30 da aka kiyaye haɗari.

Na san akwai masu cewa ajali in ya zo babu makawa, kuma gaskiya suka faɗa. Amma malamanmu ba su taɓa karantar da cewa imani da ƙaddara yana kore riƙon sababi ba, kuma fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan birnin nan ya ɗora wa masu sana'a lamunin abin da aka danƙa musu, saboda maslahar jama'a. Idan an lamuntar da maɗinki a kan riga, ina ga wanda aka danƙa wa rayuka ɗari biyar? Don haka ina roƙon Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya da Hukumar Alhazai ta Ƙasa, kafin kowace jigila, su bayyana wa jama'a da Hausa, a rediyo da jarida, shekarun kowane jirgi da aka ɗauka haya, da adadin tashinsa da saukarsa, da ranar babban gyaransa na ƙarshe. Ina kuma roƙon 'yan'uwana matafiya su daina matsa wa ma'aikata lamba idan aka jinkirta tashi don gyara, ko aka rage kaya saboda zafin rana, domin mutanen Gwammaja da Ƙofar Ruwa da Fagge suna da haƙƙi a cikin wannan jinkiri.