Lafiyar ƙwaƙwalwa a Adar: Ko motar likita za ta riga mari isa Tabotaki?

Idan taɓin hankali ya taso wa mutum farat ɗaya a ƙauyukan Tabotaki, cikin gundumar Buza ta jihar Tawa, zaɓin da ke gaban iyalinsa kaɗan ne. Ko a kira malami ya yi ruƙiyya, ko a nemi mai maganin gargajiya, ko kuma, idan ya fara duka da fashe-fashe, a kulle shi a ɗaki ko a sa masa mari. Asibitin gunduma yana Buza, na jiha yana Tawa, babban sashen masu taɓin hankali na ƙasar kuwa yana Yamai, tafiyar ɗaruruwan kilomita.

Wannan tazara ce ke sa masana kiwon lafiya maganar tawagar tafi-da-gidanka, wato ƙaramin ayarin ma'aikata da ke zuwa inda mai lalura yake. Buƙatar kuma ƙaruwa take yi. Hare-haren 'yan bindiga a gabashin jihar Sakkwato sun koro dubban mutane zuwa yankin Bangi a gundumar Madawa, sannan a watan Maris na 2021 an kashe mutum 137 a ƙauyukan yankin Tillia da ke arewacin jihar Tawa. Wani nazarin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar a yankunan rikici na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa. Ga ƙwayar tramol, ga kuma 'yan ci-rani da ke dawowa daga Libiya da abin da idonsu ya gani.

Masu kula da su kuwa sun yi ƙaranci. Ƙididdigar hukumar ta 2020 ta ce ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa a Afirka ba su kai biyu ga kowane mutum 100,000 ba, alhali matsakaicin duniya 13 ne.

Wa zai kira, wa zai amsa?

A Amurka akwai lambar gaggawa ta 988 tun watan Yulin 2022. A Adar, labarin mai lalura yana fara zuwa ne wajen mai gari, limami, ungozoma ko ma'aikacin gidan likita na ƙauye. Saboda haka aikin farko na shugaban tawaga shi ne waɗannan mutane su san lambarsa, su kuma san alamomin da ba a jira da su: maganar kashe kai, ƙin ci da sha, ruɗewar mai jego, jijjiga a kai a kai.

Aiki na biyu shi ne tantancewa. Ba kowace ruɗewa ce taɓin hankali ba. Zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa da sanƙarau suna sa mutum sambatu, kuma Nijar na cikin ƙasashen da sanƙarau ke yawan ɓulla. Tawagar da ba ta da ma'aikacin jinya mai auna zafin jiki da gwada jini za ta iya kwantar da mutum da allura alhali ciwon da zai kashe shi yana nan. Tsarin mhGAP da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008 an yi shi ne domin irin wannan yanayi, inda ma'aikacin jinya zai kula da taɓin hankali, tsananin damuwa da farfaɗiya ba tare da ƙwararren likita a kusa ba. Tawagar na kuma buƙatar mace, domin akwai gidajen da namiji baƙo ba ya shiga, da mai jin Tamashek ko Fulatanci baya ga Hausa.

Bayan mota ta tafi

Inda irin wannan shiri ke tsayawa ko ya faɗi shi ne makonnin da ke bin ziyarar farko. Magungunan kamar haloperidol da phenobarbital ba su da tsada, amma sai an ɗore a kansu. Mai farfaɗiya da maganinsa ya yanke kwatsam, jijjigar na iya dawowa fiye da da. Idan ciwon ya dawo, iyali sukan ce maganin asibiti bai yi ba, mari kuma ya koma ƙafa. Da damina, ƙoramun Buza da Keita kan yanke hanya, don haka dole a ajiye magani da rajistar marasa lafiya a cibiyar lafiya mafi kusa kafin ruwa ya sauka.

Haka nan tawagar da ta shiga gari tana kushe malamai za ta tarar da ƙofofi a rufe. Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya nuna wata hanya a Aro kusa da Abeokuta tun 1954, inda marasa lafiya ke zama a ƙauye tare da danginsu, ana kuma aiki da masu maganin gargajiya. Sharaɗin da ya dace da Adar mai sauƙi ne: addu'a ta ci gaba, magani ya ci gaba, duka da sarƙa su tsaya. Samamen da 'yan sanda suka kai Rigasa a Kaduna a watan Satumban 2019, inda aka fito da mutum fiye da 300, da yawa a ɗaure, ya nuna inda rashin sa ido ke kaiwa.

Wa zai biya?

Ƙungiyoyin agaji sun daɗe suna tallafa wa kiwon lafiya a yankin, kamar MSF da ke kula da yara a asibitin Madawa. Amma tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 filin aikinsu ya matse. Hukumomin soja sun soke lasisin ƙungiyar Acted a Nuwamban 2024, suka umarci Red Cross ta duniya ta fice a Fabrairun 2025, a daidai lokacin da Amurka ta zaftare tallafinta ga ƙasashen waje. Ko a can Amurka, shirin CAHOOTS da ya fara a birnin Eugene a 1989, wanda ake yawan misali da shi, ya dakatar da aiki a birnin a 2025 saboda rashin kuɗi. Tawagar da man motarta ya dogara ga baƙo, ranar da baƙon ya tafi ita ma ta tafi. Mafita ita ce ta zama reshen hukumar lafiya ta gunduma, ƙarƙashin shirin lafiyar ƙwaƙwalwa na ƙasa, da kason ta a kasafin ƙananan hukumomi.

'Yan Adar da ke Abijan, Legas ko Yamai suna da ta cewa a nan, domin sau da yawa su ake bugo wa waya idan ɗan'uwa ya ruɗe, kuma kuɗinsu ne ke yanke inda za a kai shi. Wanda ya tambaya ko an auna zafin jikinsa, ko an kwance shi, da kuma wanda zai karɓo masa maganin wata mai zuwa, ya riga ya yi rabin aikin tawagar tun kafin ta iso.