Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Kada Mu Yi Garajen Kai Tsohon Zarton Inji Gwangwan

'Yan'uwa manoma da masu sana'ar katako, a cikin tulin ƙarafa na 'yan gwangwan ba wuya a ga zarton inji a yashe, wato injin nan mai sarƙa da ake yanka itace da shi. An sayar da shi a kan sikeli, kuɗin kilo. In an tambayi dalili, sai mai shi ya ce ai ya mutu. Ni dai a ganina da yawa daga cikinsu suma suka yi, ba a kuwa yayyafa musu ruwa ba. Mai zarton ya yi hasara, yaran da ke ɗaukar masa katako sun rasa abin yi, ƙauye kuma ya koma jiran mai inji daga wani gari. Shawarata ita ce, kada a rabu da tsohon zarto sai an bincike shi sosai. In ma ya mutu da gaske, gawarsa tana da amfani.

Inda abin ya samo asali

A 1926 wani Bajamushe, Andreas Stihl, ya ƙera zarto mai aiki da lantarki a birnin Stuttgart. A 1927 wani Bajamushen, Emil Lerp, ya fito da mai shan fetur, aka sa wa kamfaninsa suna Dolmar. Waɗannan na farko ƙatta ne, sai mutum biyu ke riƙe su. A 1947 wani masassabin daji a Amurka, Joseph Cox, ya fito da irin haƙoran sarƙar da muke gani yau, bayan ya lura da yadda tsutsar itace ke cin kututture. A 1949 kamfanin McCulloch ya yi zarto na mutum ɗaya mai nauyin wajen kilo 11. A 1959 Stihl ya fito da wanda ake kira Contra, daga jikinsa kuma aka samu Stihl 070 a 1968. Wannan 070 ɗin shi ne 'yan katako a Nijeriya da Gana da Kamaru suka fi sani, domin an ci gaba da kawo shi Afirka shekaru da yawa bayan Turawa sun koma ga sababbi.

To, a Amurka da Kanada da Jamus da Suwidin akwai mutanen da suka mai da tara tsofaffin zartuna abin sha'awarsu. Sukan bi gonaki da wuraren gwanjo suna saye. Su kwance, su wanke, su gyara, su jera a kan kanta, ranar taro kuma su tayar da su jama'a na kallo. Kamfanin Husqvarna yana da gidan tarihi a garin Huskvarna na Suwidin, Stihl ma ya buɗe nasa a Waiblingen a 2023. Wani zai ce wannan wasan masu ƙoshi ne. Haka ne, su don sha'awa suke yi, mu don abinci. Amma sun nuna mana abu guda da ya shafe mu: inji mai shekara 50 ko 60 yakan tashi ya yi aiki, in ya sami hannun da ya san shi. Dalili kuwa shi ne an ƙera su don a kwance a gyara. Jikinsu ƙarfe ne, sukurori ne ke riƙe da su, kuma babu wani abu a ciki da makanikin babur ba zai gane ba.

Abu uku da inji yake bukata

Injin zarto ɗan'uwan injin ƙaramin janareto ne, irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai. Abu uku yake so kafin ya tashi: wuta, da mai, da matsin iska a cikin silinda. In ya ƙi tashi, ɗaya daga cikin ukun nan ne ya ɓace. Masu tara zartuna sukan bi su ɗaya bayan ɗaya, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, ba su kwance kome sai sun san abin da suke nema.

Na fari, wuta. Cire fulogi, ka mayar masa da hularsa, ka jingina shi a jikin ƙarfen injin nesa da ramin fulogin, ka ja igiya. In ka ga tartsatsi shuɗi, wuta lafiya. In babu, sa sabon fulogi, ka daidaita bakinsa ya zama rabin milimita. In har yanzu shiru, duba wayar makunni, don sau da yawa ita ce ta goge tana taɓa jiki. Tsofaffin zartuna suna da wasu 'yan ƙarafa biyu a bayan fankar injin, masu buɗewa da rufewa don ba da wuta. Sukan yi tsatsa in inji ya daɗe a ajiye. Gogewa kaɗan da daidaita tsakaninsu yakan dawo da wutar.

Na biyu, mai. A nan ne yawancin ciwon yake. Fetur in ya yi wata da watanni a tanki yakan lalace, ya zama kamar ƙaro, ya toshe ƙananan hanyoyin kabureta. A cikin kaburetan akwai wata 'yar fatar roba mai laushi, ita ke tura mai, ita ce kuma ta sa zarto ke aiki ko a kishingiɗe ko a kife. In ta bushe ta yi tauri, mai ba zai hau ba. Ga yadda za ka gane: ɗiga fetur haɗaɗɗe kaɗan a ramin fulogi, ka mayar da fulogin, ka ja. In injin ya yi tari ya tashi na ɗan lokaci sa'an nan ya mutu, to yunwa ce ke damunsa. Sai a zubar da tsohon mai, a wanke tanki, a sake matatar mai da tiyo in ya tsage, a wanke kabureta a sa mata sabuwar fata. Kuɗin wannan duka bai kai kusa da kuɗin sabon inji ba.

Na uku, matsin iska. Ɗaga zarton da igiyar tayarwa kaɗai. In ya riƙe, ko yana sauka a hankali da tsayawa, silinda na da ƙarfi. In ya zube ƙasa nan da nan, akwai magana. Cire salansa ka leƙa ta ramin hayaƙi, za ka ga jikin fistan. In sumul yake, wataƙila zoben fistan ne kawai ya cinye. In ya yi zane-zane kamar an ja shi a kan tsakuwa, ya ƙone ke nan. Ko wannan ma ana gyarawa, amma kada a sa sabon fistan sai an gano abin da ya ƙone na farkon, in ba haka ba sabon ma zai bi sahu.

Abin da ke kashe su

Abu uku ne suka fi ƙone fistan. Na ɗaya, rowar baƙin mai, ko zuba wanda ba nasa ba. Tsofaffin injuna da yawa an rubuta musu kashi 25 na fetur da kashi 1 na baƙin mai, wato mililita 200 a lita 5. Sababbi kuwa da ingantaccen mai na irin wannan inji, kashi 50 da 1 ne, wato mililita 100 a lita 5. A bi abin da aka rubuta wa injin, a auna da mudu, a daina aune da ido. Man 'yan bumburutu da ba a san abin da aka gauraya masa ba, a yi hattara da shi.

Na biyu, taɓa kabureta don inji ya yi ƙara. Akwai sukurori biyu, ɗaya da alamar L, ɗaya da alamar H. In aka matse H, inji zai yi kururuwa kamar ya ƙara ƙarfi, alhali an rage masa mai ne, man nan kuwa shi ke sanyaya fistan yana sa masa santsi. A yawancin tsofaffin zartuna akan murɗa su a hankali har su zauna, sa'an nan a kwance kamar zagaye ɗaya, daga nan a daidaita.

Na uku, iska mai shiga ta ɓarauniyar hanya, in robobin da ke toshe gefen ƙarfen da fistan ke juyawa sun tsufa. Alamarsa ita ce inji ya riƙa gudu shi kaɗai ba a taɓa shi ba, ko ya canja murya in an karkata shi. Wanda ya ji haka ya kashe injin nan take. Ga kuma ƙurar hunturu, wadda ke shiga ta yagaggiyar matatar iska tana cin silinda a hankali.

Sarƙa ma tana da nata haƙƙi. Zarto mai kaifi yana fitar da ɓarɓashi manya. In ya koma fitar da gari kamar na tuwo, ya dakushe, a tsaya a wasa shi da magagari mai daidai da haƙoransa. Dannawa da ƙarfi wahalar da inji ne kawai. Ƙonannen man mota da ake zubawa a tankin sarƙa kuwa yana ɗauke da garin ƙarfe, yana cin famfon mai da faffaɗan ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a kansa.

Masu cewa a sayi sabo

Akwai masu cewa, me ya sa za a wahala, ga sababbi masu araha a kasuwa? Suna da hujja a wuri biyu, ba zan ɓoye ba.

Ta farko ita ce kayan gyara. Kamfanin McCulloch ya karye a 1999. Dolmar ya koma hannun Makita a 1991, Makita kuma ya daina ƙera injuna masu shan fetur a 2022. Irin waɗannan, kayansu sai ƙara wuya suke yi. Amma wannan hujjar tana bayana ne. Tun da kaya na wuya, mataccen zarto rumbu ne. Masu tarawa a Turai sukan sayi matattu biyu ko uku don su tayar da ɗaya. Mu kuwa muna ba da kabureta da fanka da kuloci masu lafiya a farashin ƙarfe. Game da 070, kayansa suna samuwa, sai dai na jabu sun yi yawa, araha kuwa ba ta ado.

Ta biyu ta fi nauyi, domin ta shafi rai. In saman hancin zarto ya taɓa itace, yakan yi harbi, ya taso wajen fuskar mai riƙe da shi kafin ƙiftawar ido. Sai a farkon shekarun 1970 aka fara sa birkin da ke tsai da sarƙa in haka ta faru. Zartunan da suka riga wannan ba su da shi, ainihin 070 ma haka. Yawancinsu kuma ba su da abin rage jijjiga, wadda ke kashe jijiyoyin yatsu bayan shekaru, ga ƙara mai kurumtar da kunne. Saboda haka zarto marar birki ba na ɗan koyo ba ne. Kada a hau bishiya da shi, kada a ɗaga shi sama da kafaɗa, kada a yi sassabe ko datse rassa da shi. A bar shi a hannun gwani, a kan gungumen da ke kwance a ƙasa, da hannu biyu, da abin toshe kunne, da takalmi mai ƙarfi. Wanda ya tsufa ƙwarai har ba a amince da shi ba, a ajiye shi don koyar da yara gyara. Wannan ma aiki ne.

Abin da ya kamata mu yi

Kowace ƙungiyar manoma ko ta 'yan katako ta keɓe wuri busasshe ta tara matattun zartuna. A ɗora su a kan katako, domin jikin da yawansu yakan ruɓe in ya daɗe a kan siminti mai danshi. A rubuta sunan kowanne da lambarsa a littafi, kada a ɓamɓare farantin lambar, da shi ake neman kayan da suka dace. A zaɓi saurayi ɗaya ko biyu masu hankali a haɗa su da tsohon makaniki. Mai ajiye zarto na tsawon damina ya juye man da ke tanki, ya tayar da injin har ya mutu da kansa.

A kuma tuna, gyaran zarto ba izinin share daji ba ne. Bishiyar da ta yi shekara 40 tana girma, minti kaɗan ya isa a kayar da ita. A nemi izinin ma'aikatan gandun daji, a fara da busassu da waɗanda iska ta kayar, wanda ya sare ɗaya ya dasa wasu.

Kafin ka kira ɗan gwangwan, ɗan'uwa, duba wuta, duba mai, duba matsi. Aikin awa guda ne, ba ya cin kome sai sufana da haƙuri.