Kwaɗon Kyoto Ya Samu Aiki, Na Yankwashi Yana Gindin Randa

In ruwan farko na kirki ya sauka a Yankwashi, ba a buƙatar mai shela. Kafin a idar da sallar isha'i kududdufin bayan gari ya kaure da kuka, wani na ƙugi kamar tsohuwar janareta, wani siriri kamar ana ƙwanƙwasa kwalba da ƙusa. Jiya wurin busasshen taɓo ne da ya dare, awaki ke ratsa shi. Yau kwaɗi sun cika shi maƙil, har yara na rantsuwa ruwan ne ya zubo da su daga sama. Da safe uwargida ta gusar da randa, ta tarar da wani ƙato ya lafe a danshin gindinta, ta kai masa tsintsiya.

Iyakar darajar kwaɗo ke nan a yankin: abin sharewa waje. Rainin kuwa bai tsaya a kansa ba. Akwai wani ra'ayi da ya yi kaka-gida a zukatan samarin da suka yi boko, daga Karkarna zuwa Kazaure, Roni, Gwiwa, har Babura, cewa duk abin da zai hau fuskar waya ko talabijin ya burge, sai ya zo da bindiga, dogayen benaye, mota mai tsada ko ƙwallon Turai. Kududdufi, rumbu, jaki, kwaɗo? "Wannan ai ƙauyanci ne." A tambayi yaron da ke karatun kwamfuta wane irin gem zai ƙirƙira in ya samu dama, sai ya shiga kwatanta wani birni da bai taɓa taka ƙafarsa ba. Iyaye su ma sun daɗe da yanke nasu hukuncin, wai gem duk shirme ne. Tsoho da yaro sun saɓa a komai, amma sun haɗu a nan: babu abin da ya haɗa allon nan da rayuwar gida.

Ra'ayin bai da tushe, kuma babban mai ba da shaida a kansa kwaɗo ne.

Shigeru Miyamoto, mutumin da ya ƙirƙiri Mario, an haife shi a 1952 a Sonobe, wani ƙaramin gari a karkarar Kyoto ta ƙasar Japan. Ya sha faɗa cewa yawon da ya yi yana yaro, cikin daji da bakin tafki da kogon dutse, shi ne ya haifi wasan The Legend of Zelda, wanda kamfanin Nintendo ya fitar a 1986. Wato ɗan ƙauye ne ya kwashi abin da ya gani a bayan garinsu ya sayar wa duniya. Wasan ya yi ta haihuwa shekara da shekaru, kuma tun daga 1993 kwaɗo bai rasa aikin yi a cikinsa ba.

A Link's Awakening na wannan shekarar, malamin waƙa ne. Wani shirgegen kwaɗo mai suna Mamu yana zaune a ƙarƙashin ƙasa, ba ya koyar da waƙarsa sai an dire masa kuɗin wasan har 300, kuma in ba da waƙar ba, tafiya ba ta ci gaba. A Ocarina of Time na 1998 aikin ya ƙaru. Kwaɗi biyar ne a bakin wani kogi, kowanne da launinsa da muryarsa. Jarumin wasan, Link, ya tsaya kan gungumen itace ya busa musu sarewa. Duk sabuwar waƙar da ya kawo, ɗaya daga cikinsu ya kumbura ya yi girma, su biya shi lada. Waƙar da ke kiran hadari ita ta fi faranta musu rai, ita suke saka wa da kyauta mafi tsoka. Duk wanda ya taɓa kwana kusa da fadama a watan Agusta ya san ba a ofis aka ƙago wannan ba. Wani ne ya zauna ya saurari kwaɗi lokacin ruwa.

A cikin wasan dai akwai wani kwaɗon da ake damƙa wa Link ya kai wa wani tsohon mai haɗa magani a bakin tafki, don a yi wa wani ƙaton maƙeri maganin ciwon ido. Minti uku kacal aka ba shi. Ya wuce haka, kwaɗon ya lalace, sai ya koma ya karɓo wani. Matar da ta taɓa aiken yaro da ɗanyen kifi daga bakin dam ɗin Kazaure da tsakar rana ba ta buƙatar a yi mata bayanin wannan doka.

Majora's Mask na 2000 ya mai da kwaɗin ƙungiyar mawaƙa da ta watse, biyu daga ciki ma sun rikiɗe sun zama dodanni, sai an buge su sannan su dawo hayyacinsu a haɗa amshi. A The Wind Waker na 2002 masu juya iska ne bisa gajimare. A Twilight Princess na 2006 wata jibgegiyar kwaɗuwa ce mai karkaɗo 'ya'yanta daga gadon baya su far wa mutum. Breath of the Wild na 2017, wanda aka sayar da kwafi fiye da miliyan 30, ya sauko da su ƙasa: ana yanke ciyawa su yi tsalle, a kama su a dafa a haɗa maganin ƙara sauri, akwai kuma nau'in da ba ya fitowa sai ana ruwa. Har gimbiya Zelda da kanta an nuna ta durƙushe cikin ciyawa, ta cafko kwaɗo da hannu biyu tana tura wa Link a baki. (Musulmin da ya zo nan zai tuna hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, inda wani likita ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da sa kwaɗo cikin magani, aka hana shi kashe shi. Ashe ko a kan wannan akwai abin da uba zai tattauna da ɗansa, da zai zauna ya kalli abin da yaron ke bugawa.) Na 2023, Tears of the Kingdom, ya sayar da miliyan 10 cikin kwana uku, kuma kusan kowane kogo a cikinsa da kwaɗonsa mai ƙyalli manne a rufi.

Malami, mawaƙi, magani, dodo, mai gadin kogo. Shekara 30 ana ba dabba ɗaya sabon muƙami, ba a ji wani Bajapane ya ce kamfanin ya kunyata ƙasa da ƙauyanci ba. Dalili shi ne kwaɗo ɗan gida ne a wurinsu. Ƙasar shinkafa ce. Wani wurin bauta na Kyoto, Kozan-ji, ya mallaki wani zane mai shekara wajen 800 da ya nuna kwaɗo na kokawa da zomo. Kalmarsu ta kwaɗo, kaeru, ta yi daidai da kalmar "komawa gida", shi ya sa matafiyi kan jefa ɗan mutum-mutumin kwaɗo cikin jaka don fatan dawowa lafiya.

To ai Hausa ta fi su arziki a nan. Kwaɗo ne ke kuka a kududdufi, kwaɗo ne ake datse ƙofar shago da shi, kuma da ɗan sauyin karin murya kwaɗo ne ake yi da zogale da ƙuli-ƙuli. Wasannin Zelda rabinsu neman mabuɗi ne da buɗe ƙofa. Bahaushen da zai ƙirƙiri gem ya samu kyauta abin da wasu za su biya marubuci ya ƙago musu: kwaɗon da ke gadin ƙofa, wanda shi ne kwaɗon ƙofar. Ga kuma sirrin da yara ke tambaya kowace damina. Wasu nau'o'in kwaɗin Afirka kan tona ƙasa su binne kansu, fata ta lulluɓe su kamar likkafani, su kwashe watannin rani ba ci ba sha, sai ruwa ya jiƙa ƙasa su farka. Duniya biyu ke nan a fili ɗaya, ta rani da ta damina, da mai ratsa su.

Masu wancan ra'ayi suna da hujja, kuma ba ƙarya ba ce. Za su ce wa ya taɓa ganin na'urar Nintendo a Yankwashi? Gaskiya ne. Shagon gem na yankin PlayStation ce da janareta da benci, abin da ake bugawa kuwa ƙwallo, Madrid da Barcelona tun safe har dare. Za su ce irin wancan wasa ɗaruruwan ma'aikata ke yin sa shekaru, nan kuwa cajin waya ma sai an biya. Wannan ma gaskiya ne. Sai dai hujjar ta talauci ce, ba ta taɓa batun ƙauyanci ba, kuma ko ta talaucin tana da ɓaraka. Frogger, wanda kamfanin Konami ya fitar a 1981, ba komai ba ne illa kwaɗo na ƙoƙarin tsallake titi da kogi, wayar hannu mafi araha a kasuwar Kazaure ta fi na'urar da aka yi shi a kanta ƙarfi nesa ba kusa ba. A Yawunde ta Kamaru, kamfanin Kiro'o na Olivier Madiba ya fitar da Aurion a 2016 cikin ɗauke wuta irin wanda kowa ya sani. A Legas, Maliyo Games na Hugo Obi ya yi wasan kashe sauro, ya yi na ɗan acaɓa, ya kuma yi wani mai suna Aboki Run. Wato an riga an sa ɗan Arewa cikin gem, da sunan da ake kiransa a titin Legas. Kazaure kuwa tana da kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu, ga makarantar kwamfuta da aka kafa tun zamanin Gwamna Saminu Turaki. Hannun da zai yi aikin yana nan. Idon ne ke kallon wani wuri.

A yanzu dai muƙami ɗaya Jigawa ta ba kwaɗo, shi ma a can gabas. A fadamun Haɗeja ana kama su, a soke a tsinke, a busar, a yi lodinsu a buhu zuwa kudu. Wani bincike da Meike Mohneke da abokan aikinta suka buga a 2010 ya gano 'yan kasuwa 32 kawai a Nijeriya na juya kwaɗi wajen miliyan 2.7 a shekara. Sana'a ce, tana ciyar da gidaje, ba abin zagi ba ce. Amma buhun busasshen kwaɗo sau ɗaya ake sayar da shi.

Abin takaicin shi ne kakanni sun riga Nintendo ba shi babban matsayi. Cikin tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tattara a ƙasar Hausa, aka buga a Belfast tsakanin 1911 da 1913, akwai ta wata yarinya da kishiyar uwa ke gallaza wa. Kullum sai ta watsa wa kwaɗin kududdufi ragowar tuwo. Ranar biki babbansu ya fito ya ce yau zai rama alheri. Ya haɗiye ta ya amayo ta, ya tambayi 'yan uwansa ko ta fito daidai, aka ce ta ɗan karkace, ya sake haɗiyewa. Ya amayo mata tufafi da awarwaro da takalma, ɗaya na azurfa ɗaya na zinariya, ya ce ta bar na zinariyar a wurin rawa. Ɗan sarki ya sa aka bi gari da takalmin ana gwadawa. Neil Skinner ya fassara ta zuwa Turanci, masana tatsuniya a Amurka suka jera ta da Cinderella suna muhawara a kanta. A Yankwashi, yaron da ya haddace sunayen 'yan wasan Madrid har da na benci da wuya ya taɓa jin ta.

A ƙarshen tatsuniyar an tambayi amarya abin da take so. Ta ce a haƙa rijiya a gidanta, kwaɗin duka su taso daga kududdufi su tare a ciki.